Gaisuwar da Garba Mai-Jakai Ya Kawo Daga Lahira

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiyarsa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji, makwancinki a yalwace, da haske. Mu nan Kaura lafiya lau, sai godiya. Ƙanwata Rabi na gaishe ki, ita da 'ya'yanta, har da wadda aka haifa bayanki aka sa mata sunanki.

Inna, ki taya mu murna, mun ci gaba. Kin bar mu muna ƙarƙashin Sakkwato, komi ƙanƙantar takarda sai an je can an durƙusa. Yanzu jiha gare mu ta kanmu. Bayan jiha kuma shari'a ta zo. An rufe gidajen giya, wasu 'yan caca da kika sani sun koma tallar carbi, ma'aunan kasuwa kowa ya buge gindin tiyarsa da ya lotsa ya miƙe. Duk wannan alheri ne, ba ni da ta cewa. Amma babban ci gaban da ya sa na ɗauko biro na sufuri ne. Kin san Kaura ce ƙarshen layin dogo, jirgi in ya iso nan sai dai ya juya. To an ƙara layin. Yanzu daga Kaura ana zuwa lahira a dawo, kuma wanda ya buɗe hanyar ba injiniya ba ne. Garba Mai-Jakai ne.

Kin san shi sarai. Dillalin nan na kara, kasuwar dabbobi, mai ƙaramar hula, wanda yake tsugunawa gaban farantinki a tashar jirgi ya cinye hoce tas, sannan ya ce yau bai ji gishiri ba. Shi ne ya taɓa sayar wa wani baƙo daga Nijar jaki mai ido ɗaya, ya tsaya ta gefen mataccen idon yana shafa wuyan dabbar har aka gama ciniki. To shi Allah ya zaɓa, in ji mutanen gari.

Ga yadda abin ya faru. Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi. Wata safiya matarsa ta taɓa shi ta ji sanyi ƙalau. Aka kira maƙwabta, aka kara masa auduga a hanci ba ta motsa ba, aka yi salati, aka tura samari haƙar kabari, aka yanko likkafani. Masu wanka sun zuba masa ruwan farko ke nan sai ya yi atishawa. Babban mai wankan, dattijon nan da ya yi shekaru yana salla a zaune saboda ciwon gwiwa, an ce shi ya riga kowa kaiwa ƙofar gida.

Kwana biyu Garba bai ce komi ba sai a ba shi kunu. Da ƙarfi ya fara dawowa sai baki ya buɗe. Ya sa aka rataye likkafanin a bangon zaurensa, ya shimfiɗa buzu ƙarƙashinsa ya zauna. Maza a cikin zaure, mata a bayan zana, kowa na jiran ya ji labarin nasa mamacin.

Na je, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Mai rumfar hatsi irina ba ya jin taro a gari ya ƙi leƙawa. Garba ya ce an kai shi wani fili mai faɗi, rumfuna jere iya ganinka, wasu cikin inuwa wasu a rana, kowane iri da layinsa. Na saurara da kyau har na gane wurin. Kasuwar Shinkafi ce ranar Alhamis, an dai cire ƙuda da 'yan karɓar haraji. Kuma duk yawan bayin Allah da suka mutu tun daga Annabi Adamu, Garba bai gamu da Balarabe ko ɗaya ba, ko mutumin Kano bai gani ba. Lahirar tasa ba ta wuce Kaura da Shinkafi da Zurmi ba. Wanda danginsa ke zaune a zauren, a inuwa ya same shi. Mahaucin nan kuwa da ya taɓa marinsa a kara, a tsakiyar rana ya gan shi, ko hula babu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba ya karɓar komi. Wata tsohuwa ta aiko masa da zakara ya mayar. Mutane suka ce ai ga shaida nan, mutum ya ga gaskiya ya saki duniya. Ni kuwa na girma a kasuwa. Duk ranar da dillali ya ce min ya yafe la'ada, ranar nake sake zagaya dabbar.

Kuma ina da wani dalili nawa. Ke ma kin san ni ma na taɓa leƙawa. Ina saurayi, na zo hutun makaranta daga Zurmi, muka je wanka gulbi ruwa ya ja ni. Ban ga rumfa ba, ban ga haske ba, ban ga kowa ba. Iyakar abin da na sani, na buɗe ido wani masunci na danna min ciki ina aman ruwa da yashi. Wannan babu ɗin da na gani ta daɗe tana damuna. Na yi shekaru in na tsaya salla sai ta faɗo min a rai, in yi a'uziyya in ci gaba. Sai da wani malami ya ce min, wanda ya dawo ai bai isa ko'ina ba, Mala'ikan Mutuwa ba ya kuskuren gida, sannan na samu sauƙi. Saboda haka da na ji Garba na zana layuka da rumfuna, na koma bakin buhunana na yi dariyata.

Ana nan sai Rabi ta aiko in zo. Na same ta idanu jajir amma fuska a sake, irin yadda ban gan ta ba tun rasuwarki. Ashe ta bi mata ta je bayan zanar. Ta ce Garba ya ce ya gan ki. Kina zaune cikin inuwa, babu faranti gabanki, hannunki da lalle. Wai kika ce masa, “Garba, in ka koma ka gaishe min da Lawali.”

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce to alhamdu lillahi, yau jakin Garba ya nuna mataccen idonsa.

Masu karanta wannan takarda ta bayan kafaɗata, musamman yaran yanzu da uwa ke kiran ɗanta na fari da sunansa a tsakar gida har maƙwabta su ji, sai na yi musu bayani. Ke ba sai na yi miki ba. Ni ne ɗan farinki. Tun da aka raɗa min suna har aka sa ki a makara, bakinki bai taɓa furta shi ba. Ana yaye ni Kaka ta zo ta goya ni zuwa Zurmi, can na tashi. Sunana a bakinki shi ne mutumin Zurmi.

In na zo hutu na durƙusa bakin ƙofarki na gaishe ki, da bango kike amsawa. Ki zuba tuwo a kwano, ki zaɓo tsokar da ta fi kowace, ki tura ƙarƙashin miya yadda ba mai gani, ki ce wa Rabi, “Kai wa mutumin Zurmi.” Ina zaune taku kaɗan daga inda kike.

Akwai wani mai gyaran fitila a tasha, shi ma Lawali. Shekara da shekaru kuna sana'a kusa da juna, ba ki taɓa kiransa da komi ba sai mai-fitila. Har ya mutu yana zaton raina shi kike yi.

Ranar gulbi, da aka ɗauko ni aka shimfiɗe a tsakar gida, mata na salati, wasu na kuka, ke ba ki fito daga madafa ba. Na riƙe wannan a zuciya, ban gaya wa kowa ba. Sai bayan shekaru Rabi ke ba ni labari cikin hira, wai ranar hocen da kika ɗora gaba ɗaya ya ƙone ƙurmus kina tsaye a kansa, hayaƙi ya cika ɗakin, sai da aka janye ki.

Ko a ciwon ajalinki, ina zaune bakin ƙofa, Rabi na ciki tana miki fifita. Na kasa kunne, na ce halan yau. Maganar ƙarshe da kika yi a kaina ita ce, “Ki ce wa mutumin Zurmi ya tashi ya ci abinci.”

To wannan matar ce Garba ya ce ta ambaci Lawali gatsau, gaban namiji, a bainar lahira.

Na tafi na same shi bayan taro ya watse. Ya rame ƙwarai, wuya kamar na zakaran da aka fige, amma idon nan na dillali yana nan inda yake. Na tambaye shi ko ya san ni ɗan fari ne. Na zaci zai daburce. Ko gezau. Ya ce, “Wa bai sani ba, Lawali? Ni ma da ta faɗa sai da na waiga in ga ko wata ce ke magana.”

Nan ya ɗaure ni, Inna. Don na san yadda yake ciniki. In zai sayar da jaki mai ciwon ƙafa, shi da kansa zai ɗaga akumari ya nuna maka ɗan gyambo a baya, ya ce shi ba ya ɓoye aibi. Kai kuma ka ce ga mai gaskiya, ka manta ba ka duba ƙafa ba. Maƙaryacin banza zai ce kin ce a gaida mutumin Zurmi, kowa ya gyaɗa kai, a wuce wurin. Gwani ne kaɗai zai sa abin da kowa ya san ba ki yi, don a ce ai da ƙarya ce da bai yi wannan kuskure ba. Na fito daga zauren ina ce wa kaina na gano shi. Na kai rumfa ina auna wa wata mata gero, sai da ta ce min malam ka wuce abin da na ce.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Tsofaffin matan unguwa, ƙawayenki, suka yi ta yaɗawa cewa Mai-Hoce ko a mafarki ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Dama samarin 'yan agaji sun daɗe suna hararar zauren. Zamani ne na shari'a, kowa jininsa a tafashe, suka ce mutum na da'awar sanin gaibu a tsakiyar gari, a kai shi gaban alƙali. Liman, tsohon nan da ya sallace ki, ya ce a dakata, a fara zama a zaurensa. In an samu wanda zai tsaya ya shaida cewa Garba da gangan ya ƙaga ƙarya ya jingina wa mamaci, to a miƙa shi, abin da ya biyo baya kuwa kowa ya san har da bulala. Shaidar da suke da ita a hannu ɗaya ce, ni.

Rabi ta sake aikowa. Ba ta yi min gardama ba, don ita ma ta san ki. Cewa ta yi, “Yaya, ko ƙarya ce ka bar min ita. Tun da aka rufe ta ban ga fuskarta tana hutawa ba sai a wanga labari.” Na ce mata Alƙur'ani za a aje gabana, ba labari ba. Ta ce ta sani.

Aka zauna bayan la'asar. Malamai a kan buzaye, 'yan agaji tsaye bakin ƙofa da kakinsu, Garba a tsakiya ya naɗe ƙafa, likkafaninsa a ninke gabansa don an ce ya zo da shi. Na dubi bayansa ta cikin riga, ƙasusuwa kawai. Na tuna jakin mutumin Nijar. Na tuna hocenki da ya ci ya kushe.

Liman ya tambaye ni ko mahaifiyata ta taɓa kiran sunana. Na ce ba ta taɓa ba, ko sau ɗaya. Samarin bakin ƙofa suka fara motsi. Sai Liman ya ce, to ke nan ina shaida cewa Garba ƙarya ya shirya da gangan?

Amsar na bakina, Inna. Tun daga gida na taho da ita a shirye. Na buɗe baki sai na ji ina cewa, “Allah gafarta Malam, abin da na sani na duniya ne. A duniya ba ta faɗa ba. Can kuwa ban je ba, iyakata gulbi.”

Wani cikin samarin ya ce wannan ai zamiya ce irin ta 'yan kasuwa. Liman ya ce ko zamiya ce, ba shaida ba ce, kuma ba a dukan bayan Musulmi da zato. Malamai suka yi shawara, suka yanke cewa Garba bai mutu ba, don wanda ya mutu ba ya dawowa. Suma ya yi, abin da ya gani kuwa mafarkin mai zazzaɓi ne. Mafarki ba a yi masa bulala, amma kuma ba a buɗe masa zaure. Aka sa ya yi istigfari gaban jama'a, ya yi alkawarin rufe baki. Ya tambaya yaya zai yi da likkafanin. Liman ya ce ya kai ɗaki ya adana da kyau, akwai ranar da za a neme shi, kuma ranar ba atishawa.

Mutane sun yi ta yaba min, wai na rufa wa ɗan'uwa asiri. Wasu na ce musu saboda Rabi na yi. Wasu na ce musu bayan Garba na tausaya wa. Duk sun karɓa. Ni ne dai ban gama karɓa ba, don na san kaina, mai rumfar nan ba ya sakin kaya hakanan sai in akwai abin da yake so a ciki.

Garba ya koma kara. Alhamis ɗin da ta wuce na gan shi a Shinkafi, ya yi ƙiba, hular nan a karkace, yana rantse wa wani bawan Allah cewa jakar da ke gabansu ba ta taɓa harbin kowa ba. Na jira ya gama. Na ja shi gefe, bayan masu igiya, na ce masa ba Liman, ba 'yan agaji, ba Rabi, daga ni sai shi. Na ce ban tambaye shi ko gaskiya ne ba, don na san abin da rantsuwarsa take. Na ce ya gaya min kawai yadda kika faɗa.

Ya sassauta murya, abin da ban taɓa jin ya yi a kasuwa ba. Sannan ya ce, “Ba ta dube ni ba. Ta kau da kai gefe, ta ja mayafi ta rufe baki, kana ta faɗa. A hankali, kamar mai tsoron a ji.”

Na ce masa Allah ya ba da kasuwa, na juya.

Na sani, Inna. Kowace tsohuwa a ƙasar nan haka take yi in kunya ta kama ta, kuma Garba ya ga dubunsu. Mutumin da ya iya karanta fuskar mai saye daga nesa ba zai kasa sanin abin da ɗan fari ke son ji ba. Duk na faɗa wa kaina wannan a cikin mota, tun daga Shinkafi har Kaura. Amma da na sauka ban nufi rumfa ba. Na bi ta tashar jirgi, na tsaya daidai inda kike aje faranti. Wata yarinya ce ke sayar da rake a wurin yanzu. Na daɗe tsaye har ta tambaye ni ko wani nake jira.

Furfura ta fito min, Inna. Ina da 'ya'ya, har na fari ya fara gemu, uwarsa kuma na kiransa da sunansa ba ruwanta, ni ma na daina yi mata faɗa. An kira ni Lawali a makaranta, an kira ni a kasuwa, an kira ni a zauren Liman. Ban taɓa sanin akwai wani gurbi da sunan bai cike ba sai da maƙaryacin da ya fi kowa a kara ya zo ya taɓa wurin. Ban ce na yarda da shi ba. Abin da malamai suka yanke shi ne daidai, a kansa nake, a kansa nake fatan in mutu. Na dai lura cewa tun ranar, in na idar da salla na zo yi miki addu'a, nakan ɗan yi shiru tukuna, kamar wanda aka ce ya jira za a kira shi.

Ban riƙe ki da komi ba. Tsokar da ke ƙarƙashin miya ta iso, hocen da ya ƙone ma labarinsa ya iso. Abin da aka koya miki shi ne ƙauna ki yi ta da hannu ki hana baki, kin kuwa yi har kin wuce.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayi daga dausayoyin Aljanna. Allah ya sa inuwar da aka ce an gan ki a ciki ta zama gaskiya, ko da wanda ya faɗa bai gani ba. Ya jiƙan Kaka da Baba da dukkan Musulmi. Mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da kalmar shahada, ya sa masu wankanmu su yi haƙuri su duba da kyau. Garba ma Allah ya shirye shi, in da sauran wuri. Amin.

Wassalam. Ni ne naki,
Mutumin Zurmi.

Af, na manta. Na tambayi malamai uku, kowa ya ba ni amsar aljanna da wuta da sikelin awo, amma wannan ɗaya sai su yi murmushi su ce Allahu a'alamu. Ke da kike can kin fi su sani, masu karatu kuma in akwai mai ilimin cikinku ina saurare: ita kunyar ɗan fari, a bakin kabari ake tuɓe ta, ko har can ake tafiya da ita?